Waziri Ko Sarauniya? Tarihin Buɗin Dakaren Sarauniya a Wasan Shaɗaranji

A hutun da ya gabata na yi kwana uku a Garu, garin da ke kudu maso gabashin Bawku a arewacin Ghana. Da yammacin rana ta biyu na tarar da dattawa a gindin bishiya suna buga dara, a gefensu kuma wani matashin malamin makaranta ya shimfiɗa allo mai gidaje 64, farare da baƙaƙe, yana koya wa yara huɗu wasan da Turawan Ingila ke kira chess. Da ya ji cewa harshe nake koyarwa, sai ya ɗaga dogon ɗan wasan da ke tsaye kusa da sarki ya ce: “Malam, wannan Bature ya ce sarauniya ce, Balarabe ya ce waziri ne. Mu da Hausa me za mu ce masa?” Na ba shi gajeruwar amsa a lokacin, amma ba ta gamsar da ni ba. Tambayar tasa ta tarihi ce kafin ta zama ta harshe, domin sunayen biyu na wasanni biyu ne da ba su zama ɗaya ba, kuma a tsakaninsu ne aka haifi buɗin da manyan gwanayen duniya suka shafe fiye da shekara ɗari suna gwabzawa a kansa.

Bari mu fara daidaita kalmomi. Larabawa suna kiran wasan da sunan da idan muka bi yadda Hausa ke karɓar harafin ɗa, kamar a ɗalibi da shaiɗan, zai ba mu shaɗaranji, kuma da shi zan yi amfani. Kowane ɓangare yana da sarki ɗaya, da sarauniya, da giwaye biyu, da dawakai biyu, da hasumiya biyu, da ƙananan mayaƙa takwas a sahun gaba. Waɗannan ƙananan, sunansu na Larabci ya samo asali ne daga kalmar Farisanci mai nufin sojan ƙasa, don haka dakare, jam'i dakaru, ya zauna musu daram. Layukan allo na tsaye ana ba su haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8. Idan mai farare ya fara wasa da tura dakaren da ke gaban sarauniyarsa gida biyu, sai a rubuta d4. Idan na gaban sarki ya tura, sai a rubuta e4. Waɗannan taku biyu su ne manyan ƙofofin shiga wasan, kuma kan na farkon zan yi magana.

A Indiya wasan ya samo asali, wajen ƙarni na 6 na Miladiyya, ya ratsa Farisa, ya shiga hannun Larabawa. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ya kai matsayin ilimi mai littattafai da darajojin gwanaye. Al-Adli ya yi rubutu a kansa a ƙarni na 9, as-Suli kuma, wanda ya rasu a wajen shekarar 946, ya shahara har sunansa ya zama abin misali da ƙwarewa. To amma wanda ya saba da wasan yau, in aka zaunar da shi gaban as-Suli, zai ga kamar an ɗaure wa rundunarsa ƙafafu. Wanda ke tsaye kusa da sarki, wato firzan ko waziri, gida ɗaya tak yake takawa, shi ma a karkace. Giwa tana tsallaka gida biyu a karkace, ta yadda gidaje takwas kawai za ta iya ziyarta a duk faɗin allon. Dakare kuwa gida ɗaya yake matsawa, ko a takunsa na farko. Saboda haka rundunonin biyu sukan ɗauki lokaci mai tsawo kafin su haɗu, kowa yana jera mayaƙansa cikin wani tsari da ake kira ta'abiya. A irin wannan wasa babu wani abu da za a kira buɗin dakaren waziri, domin wazirin ba shi da ƙarfin da zai tsaya wa kowa.

Wannan tsohon wasa ya tsallako Sahara. A Habasha ya rayu da sunan santaraj har cikin ƙarni na 20. A Borno ma an buga shi, inda ake kiransa tsatsarandi, kuma jami'in mulkin mallaka C. K. Meek ya rubuta bayaninsa a 1934. Abin sha'awa shi ne yadda Barebari suka naɗa wa 'yan wasan sarautun fadarsu: sarki shi ne mai, na kusa da shi ciroma, hasumiya kuma kaigama. Ba su tsaya jiran Balarabe ko Bature ya raɗa musu suna ba.

A ƙasar Gwanja kuwa, hanyar da sunan wasan ya bi ta littafi ce. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa Sansanin Mango da Yendi su sauka Salaga, da waɗanda ke gangarowa daga ƙasar Mosi ta Bawku da Gambaga, ba natsa da jakuna kaɗai suka zo da su ba. Tare da su akwai malamai da buhunan littattafan fiƙihun Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ambaci shaɗaranji a cikin wasannin da ta hana, Muwaɗɗa ta Imam Malik ma ta kawo ƙyamarsa ga wasan, yayin da malaman Shafi'iyya suka sassauta muddin ba caca a ciki kuma bai shagaltar daga salla ba. Ke nan duk almajirin da ya sauke Risala a zaurukan Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ko a gaban Alhaji Umaru a Kete-Krachi daga baya, ya karanta wannan kalma. Wasan da ya cika gindin bishiyoyinmu dai dara ce, mai gurabe 30, biyar sau shida, da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, inda wanda ya jera uku yake cire ɗaya daga na abokin karawarsa.

Yayin da waziri ke tafiyar hawainiya a ƙasashen Musulmi, a Turai sai ya sauya jinsi. Wata waƙar Latin da aka rubuta a wani gidan ibada na Einsiedeln, a Suwizalan ta yau, wajen shekarar 1000, ta riga ta kira shi sarauniya. Suna ne kawai ya sauya, rauni yana nan. Sai a wajen 1475, a birnin Balansiya na Sifaniya, aka sami wasa na farko da aka rubuta bisa sababbin dokoki: sarauniya tana tafiya iya ganinta, a miƙe ko a karkace, ta yadda daga tsakiyar allo za ta iya kai wa gidaje 27, giwa ma aka sakar mata mara ta bi layinta na karkace har ƙarshe. Tsallen gida biyu na dakare a takun farko, wanda ya riga ya fara bazuwa a Turai, ya zauna da gindinsa. Wasu masana tarihi suna danganta wannan ɗaukaka da Sarauniya Isabella, wadda ta hau gadon Kastila a 1474. Ni dai na fi karkata ga dalili mai sauƙi: mutane sun gaji da jira, suna son wasan da za a yi a gama. Littafin Lucena da aka buga a Salamanka a 1497 ya ƙunshi tsohon salo da sabo gefe da gefe, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya tsohon ya ɓace daga yawancin Turai.

A nan ne d4 ya sami ma'ana. Dakaren da aka tura zuwa e4 yana tsaye shi kaɗai, ba mai kare shi, don haka nan take ake iya kai masa hari, wasa ya kacame tun daga taku na biyu. Wanda aka tura zuwa d4 kuwa yana da sarauniya a bayansa tun daga farko. Tsakiyar allo takan daɗe a rufe, a jinkirta arangama, kowa ya shiga neman ƙaramar riba. Idan mai baƙaƙe ya mayar da d5, mai farare yakan biyo da c4, ya miƙa dakaren gefe kamar kyauta. Turawa suna kiran irin wannan kyauta da kalmar da ta fito daga gambetto ta Italiyanci, wadda 'yan kokawa ke amfani da ita idan aka sa wa mutum ƙafa ya faɗi. Mu ma muna da kalmar a filin kokawa: taɗiya. Don haka Taɗiyar Sarauniya nake kiran wannan buɗi.

Kyautar ta bogi ce, kuma yana da kyau ɗalibi ya ga dalili da idonsa. A ce mai baƙaƙe ya cinye dakaren c4. Mai farare ya taka e3, giwarsa ta hango dakaren. Mai baƙaƙe ya ce sai ya riƙe abin da ya ci, ya kare shi da b5. Sai a kawo masa a4, ya ƙara kariya da c6, a yi musayar dakaru a b5, shi ya ci da dakaren c. Yanzu dogon layin karkace da ya nufi hasumiyarsa ta a8 ya buɗe. Sarauniyar farare ta fito f3, kuma duk yadda ya yi sai ya rasa babban ɗan wasa guda. Ya riƙe dakare, ya yi asarar doki ko giwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. Shi ya sa gwanaye ko dai su ƙi karɓar kyautar su tokare d5 da e6 ko c6, ko su karɓa su mayar da ita a lokacin da ya dace.

Wannan buɗi yana cikin wani rubutun hannu na ƙarshen ƙarni na 15 da ke ajiye a Göttingen ta Jamus, wato tsufansa ɗaya da sabuwar sarauniya. Duk da haka kusan shekara ɗari huɗu ya yi a gefe. Wanda ya fi tallata shi a ƙarni na 18 mutumin Halab ne ta Siriya, Philipp Stamma, wanda ya zauna a Landan yana aikin tafinta, har aka riƙa kiran buɗin da sunan garinsu. A 1747 Philidor na Faransa ya lallasa shi, sai darajar abin da yake koyarwa ta ragu tare da tasa. La Bourdonnais ya yi amfani da shi sau da yawa a jerin wasanninsa da McDonnell a Landan a 1834, ya kuma yi nasara. Amma zamanin na masu son jini ne. A idon 'yan kallon gasar ƙasa da ƙasa ta farko, wadda Howard Staunton ya shirya a Landan a 1851 kuma Adolf Anderssen ya lashe, namijin wasa shi ne wanda ya buɗe da e4, ya watsar da dukiyarsa, ya kama sarkin abokin gaba kafin taku talatin.

Abin da ya karya wannan ra'ayi shi ne gasa kanta. Da aka fara sa kuɗi da kambu, aka kawo agogon awon lokaci mai fuska biyu a gasar Landan ta 1883, aka riƙa buga wasanni a jaridu kowa yana nazarinsu a gida, sai masu kare kai suka ƙware. Harin da ya ci mutum jiya, yau an san maganinsa. A 1886 aka yi karawar farko ta kambun duniya tsakanin Wilhelm Steinitz da Johannes Zukertort a biranen New York da St. Louis da New Orleans na Amurka. Zukertort ya dogara da d4 a yawancin wasannin da ya riƙe farare, har ya yi gaba da ci huɗu da ɗaya. Daga nan Steinitz ya nuna abin da ya zama darasi har yau: ya bar abokin karawarsa ya mallaki fili da dakarun tsakiya waɗanda ba su da 'yan'uwa a gefe da za su tallafe su, ya yi musu ƙawanya, ya matsa har suka zama kaya a wuyan mai su. Ya ƙare da nasara 10, rashin nasara 5, canjaras 5. Bayan shekara tara, a Hastings ta Ingila a 1895, wani Ba'amurke ɗan shekara 22, Harry Pillsbury, ya zo gaban Chigorin da Lasker da Tarrasch da Steinitz, kuma wasansa da Tarrasch ya tabbatar cewa daga Taɗiyar Sarauniya ma ana iya kai wa sarki mummunan hari, sai dai a hankali ake haɗa shi.

Ƙololuwar abin ta zo a Buenos Aires ta Ajantina a 1927. José Raúl Capablanca na Kyuba, mai riƙe da kambu, wanda ake ganin ba ya kuskure, ya buɗe wasan farko da e4, Alexander Alekhine ya doke shi. Bai sake taɓa wannan dakare a takun farko ba. Cikin wasanni 34 da suka buga daga Satumba zuwa Nuwamba, 32 Taɗiyar Sarauniya ce da aka ƙi karɓa. Alekhine ya ci 6, Capablanca ya ci 3, aka yi canjaras 25. Masu sharhi sun koka da gundura, shi kansa Capablanca ya yi ta gargaɗin cewa canjaras zai kashe wasan, har ya ba da shawarar a faɗaɗa allo a ƙara sababbin 'yan wasa. Na sha bin waɗannan wasanni a kan allona, kuma ban yarda da masu kukan ba. Wanda ya taɓa zama kusa da dattawa biyu da suka san hannun juna a dara, suna kai gwauro suna kai mari a kan gurbi ɗaya, ya san cewa shirun da ake yi a wurin ba na barci ba ne.

Maganin gundurar ya fito daga inda ba a zata ba, wato daga tsohon wasan da aka ce ya mutu. A Kalkata, a shekarun 1850, wani lauya ɗan Sikotilan mai suna John Cochrane ya buga ɗaruruwan wasanni da wani gwani ɗan Bengal, Moheschunder Bannerjee. Shi Bannerjee ya taso ne da dokokin Indiya, inda dakare ba ya tsallen gida biyu, don haka bai saba da cusa dakaru tsakiya ba. Sai ya fito da doki, ya matsa dakaren gefe gida ɗaya, ya kwantar da giwa a lungu tana hangen tsakiya daga nesa. Bayan kusan shekara saba'in, su Nimzowitsch da Réti da Grünfeld suka gina sabuwar makaranta a kan wannan tunani: bar mai farare ya cika tsakiya da dakaru, kai kuma ka harbe su daga gefe. Wannan dangin martani ga d4, mai farawa da fito da doki zuwa f6, shi ake kira kariyar Indiya. A Hastings, a gasar ƙarshen 1930, Mir Sultan Khan na Punjab, wanda shi ma da dokokin Indiya ya koyi wasa kuma ya lashe kambun Birtaniya a 1929 da 1932 da 1933, ya doke Capablanca a wasan da ya bi ta ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare. Har yau gwanayen Rasha da Turai suna kiran matsayin da ake isa bayan an gama jera runduna da kalmar Larabcin nan ta Bagadaza, ta'abiya.

Daga nan tarihin ya zama na maimaici, zan taƙaita. Bobby Fischer, wanda kusan duk rayuwarsa e4 yake bugawa, ya shammaci Boris Spassky a wasa na shida a Reykjavik a 1972, ya fara da c4 ya zagayo cikin Taɗiyar Sarauniya, ya ci wasan da kyau har Spassky ya taya 'yan kallo tafi. Karpov da Kasparov sun yi ta juya wannan buɗi, kowa yana buga shi da farare da baƙaƙe, a karawar Mosko da ta fara a Satumban 1984 aka dakatar da ita a Fabrairun 1985 bayan wasanni 48, 40 daga ciki canjaras. Viswanathan Anand ya koma d4 don ya kare kambunsa daga Kramnik a Bonn a 2008. Ding Liren na Sin ya ci wasa na shida a Astana a 2023 da Tsarin Landan, wani sassauƙan reshe na d4 da ya sami suna daga gasar Landan ta 1922, wanda a da ake yi wa kallon buɗin malalata.

Sabon wasan, mai sarauniya, ta teku ya iso Afirka ta Yamma, ta hannun Turawan mulki da makarantun boko, shi ya sa ya fi kafuwa a biranen gaɓa. A Maris na 2024 shaɗaranji yana cikin wasannin da aka fafata a gasar Wasannin Afirka da aka yi a Accra, wadda mutanen zango ke kira Ankara. Nahiyar tana da gwanayenta: Bassem Amin na Masar, wanda ya daɗe a sahun gaba, da Amon Simutowe na Zambiya, na farko daga kudu da Sahara da ya kai babban matsayin hukumar FIDE. A Legas kuma Tunde Onakoya ya kai allo unguwannin talakawa tun daga 2018. Tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare da gindin bishiyar Garu ba ta basira ba ce. Yaron da ya iya hango taku huɗu a dara zai iya hango su a kan gidaje 64. Abin da ya rasa shi ne bayani cikin harshen da yake tunani da shi, domin buɗin d4 ba a koyonsa da haddar taku. Dalilai ake fahimta: me ya sa wannan dakare ya zama rauni, me ya sa wancan gida ya zama na doki. Malamin da na gani yana fama ne da Turancin da yaran ke ji rabi da rabi, alhali da Kusal da Hausa suke gardama a tsakaninsu.

Ga amsar da ya kamata in ba shi. Waziri sunan ɗan wasa ne mai taka gida ɗaya, wanda Barebari suka kira ciroma, kuma ya dace a ajiye masa sunansa idan ana maganar wasan Bagadaza da na Borno. Wadda ke kan allon yaran nan, mai ratsa fili daga bango zuwa bango, wata halitta ce dabam da aka haifa a Balansiya, kuma sarauniya ce. Kunnen Bahaushe ba zai yi mamakin mace mai jan runduna ba, tunda da labarin Daurama da Amina ta Zazzau aka rene mu. Larabawan yau suna ce mata waziri, wannan ruwansu ne, su ma gado suke riƙo.

Kafin in bar wurin na nuna wa yaran wani tsari na dangin d4 mai sauƙin riƙewa: dakaru a c3 da d4 da e3 da f4, giwa a d3, doki yana neman zama a e5. Na gaya musu rauninsa, cewa gidan e4 ya zama rami da dakare ba zai sake tsare shi ba, kuma giwar da ke c1 tana kulle a bayan 'yan'uwanta. Turawa suna kiransa da sunan katangar dutse. Da na ce musu da Hausa Garun Dutse ke nan, sai ƙaramin cikinsu ya ce ai wannan buɗin na garinsu ne, ya jawo allon gabansa ya fara jera farare.